Kason gona ko kasuwar manoma: wanne ya dace da tukunyar Bahaushe a Amurka?

Daga watan Janairu zuwa Maris ƙananan gonakin lambu na arewa maso gabashin Amurka suke buɗe rajista. Mutum zai biya kuɗin shekara tun ƙasa tana daskare, su kuma su riƙa ba shi kasonsa na abin da gona ta yi, mako-mako, daga farkon Yuni har ƙarshen Oktoba ko shigowar Nuwamba. Sunan tsarin a taƙaice CSA (Community Supported Agriculture, wato noman da jama'a ke tallafa wa), kuma da wannan suna za ka same shi in kana nema a intanet. 'Yan uwanmu mazauna New York da New Jersey da Massachusetts suna ganin tallarsa a makarantun yara da ɗakunan karatu na unguwa, tambayar da ke biyo baya kuwa ɗaya ce: in sayi kaso a gona, ko in ci gaba da zuwa kasuwar manoma in zaɓi abin da nake so da hannuna?

Duka biyun kayan lambu ne sababbin tsinka daga manoman yankin, wani lokaci ma manomi ɗaya ne ke yin duka biyun. Bambancin yana wajen wanda ke zaɓa, da lokacin biya, da wanda asara za ta hau kansa in shekara ta ƙi. Ga gidan Bahaushe kuwa akwai wani abu da ya fi waɗannan nauyi, wato abin da ke cikin kwalin kason a makonni shida na farko.

Tsarin ya kafu a Amurka a 1986 a gonaki biyu, Indian Line a jihar Massachusetts da Temple-Wilton a New Hampshire, bisa abin da waɗanda suka kafa su suka gano a Siwizalan da Jamus. Japan ta riga su da nata salon tun shekarun 1970, kuma a kudancin Amurka wani baƙar fata masanin noma na jami'ar Tuskegee, Booker T. Whatley, ya daɗe yana shawartar ƙananan manoma su tara mutanen birni masu biyan kuɗin shiga tun farkon shekara. Binciken ma'aikatar noma ta Amurka na 2015 ya ƙirga gonaki 7,398 da ke sayar da kaya ta wannan hanya, cinikinsu ya kai dala miliyan 226.

Kafin a yanke hukunci a kan farashi, ya kamata a san inda kuɗin ke tafiya. Manomin lambu a kwarin Hudson ko kwarin kogin Connecticut yana fara kashe kuɗi watanni biyar ko shida kafin ya tsinki ganye ɗaya. Iri ana odarsa tun Disamba da Janairu. A ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris ake zuba irin albasa a cikin rumfar leda, ga dusar ƙanƙara a waje, dole a kunna gas dare da rana don kada tsiron ya mutu. Tumatir da tattasai da attaruhu suna biyo baya a Maris da Afrilu, su ma a cikin rumfa. A Afrilu ma'aikata suke fara zuwa, albashi ya fara fita, ga taki, ga gyaran tarakta, ga inshora. Duk wannan lokaci ba abin da ke shigowa. Manomin da ke dogaro da kasuwa kaɗai bashi yake ci ya cike wannan giɓi, mai CSA kuma kuɗin mambobinsa ne jarinsa. Wanda ya sayi kaso, gas ɗin watan Maris ya biya, da iri, da guzurin ma'aikacin da ke durƙushe yana dashe cikin sanyin Afrilu.

Farkon shekarar noma a wannan yanki aikin haƙuri ne. Ƙasa takan jiƙe sharkaf bayan narkewar ƙanƙara, in aka yi gaggawar shigar da tarakta sai ta dunƙule ta taurare, ta ɓata amfanin shekara. Sai an jira ta sha iska. Sanyin dare mai daskarar da raɓa yana iya dawowa har tsakiyar Mayu, kamar yadda ya yi a ranar 18 ga Mayun 2023 ya ƙone furen itatuwan tuffa da inabi a jihohi da dama. Saboda haka abin da ake iya kaiwa fili da wuri shi ne abin da ke jure sanyi. Ana lulluɓe kunyoyin da wani farin yadi mara nauyi, ya tsare sanyi ya kuma tsare wasu ƙananan ƙwari baƙaƙe masu tsalle da ke huda ganyen dangin kabeji. Latas kuwa ana shuka shi kashi-kashi, duk mako ɗaya ko biyu, don kada ya nuna gaba ɗaya. Ranar rabo da asuba ake yanka ganye, a tsoma shi a ruwan sanyi, a sa a ɗakin sanyaya, kafin rana ta yi zafi.

To ga abin da wannan wahala ke haifarwa a kwalin farko na watan Yuni: latas kai ɗaya ko biyu, alayyafon Turawa, ganyen kale, kabejin China, jan radish, wani farin tanif ɗan Japan mai zaƙi da ake ci ɗanye, lawashi, wani lokaci da ɗan kwandon sitiroberi. Zuwa tsakiyar wata sai koren wake mai zaƙi da ake ci da ɓawonsa ya shigo, tare da karan furen tafarnuwa, wanda ake karyewa don kan tafarnuwar ya yi girma. Ita tafarnuwar tun Oktoban bara take ƙasa, sai Yuli za a tone ta. Ƙarshen Yuni ake fara ganin zukini da kokwamba da ƙananan karas.

Uwargida ta duba wannan jeri da kyau. Babu tumatir, babu tattasai, babu attaruhu, babu kuɓewa, babu albasa mai kai. Wato duk abin da ake kafa miya da shi babu ko ɗaya. Wannan ba rowar manomi ba ce. Tumatir ba ya fita fili sai dare ya daina sauka ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Celsius, wato ƙarshen Mayu, kuma sai ƙarshen Yuli ko Agusta yake nuna. Gonar da ke da doguwar rumfar leda, irin wadda gwamnatin tarayya ta fara tallafa wa manoma su gina tun 2010, tana iya kawo shi da wuri da 'yan makonni. Kuɓewa tana son ƙasa mai ɗumi sosai, sai Agusta, kuma gonakin arewa da yawa ba sa ma shuka ta. Attaruhu ya fi kowa nawa, yana ɗaukar kwana 90 zuwa 100 bayan dashe kafin ya ja, sai Satumba. Albasar ajiya a Agusta ake tone ta a shanya. A gida ma mun san watan Yuni da tsadar tumatir, lokacin da na noman rani na Kadawa da Kura ya ƙare. Bambancin shi ne a nan kin riga kin biya, kuma za ki sake zuwa shago ki sayi kayan miya da wani kuɗin daban har tsawon mako shida ko bakwai.

A nan ne mutanenmu da yawa suke karaya, su ce an cuce su. Ni ban ga cuta ba, amma na ga rashin bayani tun farko. Ganyen Yuni ba abin zubarwa ba ne ga wadda ta san hannunta. Alayyafon Turawa da wani ganye mai jan kara ko fari da ake kira chard dangi ɗaya suke da alayyafonmu, suna shiga miyar taushe da faten tsaki da dafa-duka ba tare da gardama ba, sai dai suna sakin ruwa, a rage ruwan tukunya. Kale yana da ƙarfin jiki, in aka tafasa shi aka matse yana yin kwaɗo da ƙuli-ƙuli, yana kuma shiga dambu a gurbin zogale, ko da yake ɗanɗanon ba ɗaya ba ne. Lawashi dai namu ne. Karan tafarnuwa a daka shi da citta a soya nama da shi. Ganyen tanif da na radish ma ana dafawa. Abin da ke gagarar gidaje shi ne latas, domin kai biyu duk mako sai gidan da ake cin salak kullum, kuma ba ya daskaruwa a firiza. Sauran ganyen kuwa a ɗan tafasa, a matse, a ƙulla a leda, zai yi watanni.

Yanzu a juya ga kasuwar manoma a wannan wata na Yuni. Kayan da ke kan tebur iri ɗaya ne, tunda sama ɗaya ce ke kansu duka. Kasuwannin Greenmarket na birnin New York, waɗanda aka fara a 1976, dokarsu ita ce manomi ya sayar da abin da ya noma a yankin, don haka ba za ka tarar da attaruhun Yuni a can ba. Abin da kasuwa ta fi shi ne ba wanda zai ɗora maka latas. Ka sayi dami uku na alayyafo da lawashi, ka wuce. Makon da ba ka da kuɗi ka zauna a gida. Makon da kake da baƙi ka ninka. Kana kuma da manoma da yawa a wuri ɗaya, in na wannan bai yi maka ba ka matsa gaba. Babbar kasuwar Union Square tana ci Litinin da Laraba da Juma'a da Asabar duk shekara, amma ƙananan kasuwannin unguwanni, har da yawancin na Bronx, sai Yuni ko Yuli suke buɗewa su rufe a Nuwamba.

Lissafin kuɗi kuma yana da fuska biyu. Cikakken kaso a wannan yanki yakan kama daga dala 500 zuwa 800, gwargwadon gona da tsawon makonni. A ce ka biya 660 na mako 22, ya zama dala 30 ke nan duk mako. A Yuni, in ka ɗauki kwalinka ka auna shi da farashin kasuwa, da ƙyar ya kai wannan kuɗi. A Agusta da Satumba kuwa kwalin yakan yi nauyin da sai da hannu biyu: tumatir, tattasai, gauta irin ta Turawa, masara ɗanya, kankana, dankali, albasa. Sai Oktoba ta kawo kabewa da dankalin Hausa da kabeji da karas. Wanda ya ci duk abin da aka ba shi daga farko har ƙarshe, a shekara mai kyau, yakan fi mai sayen kaya iri ɗaya a kasuwa riba. Amma ribar tana ga wanda ya cinye. Duk damin da ya ruɓe a firiji an cire shi daga ribar.

Mai karɓar tallafin abinci na gwamnati da ake kira SNAP lissafinsa daban ne, kuma a ganina kasuwa ta fi masa nesa ba kusa ba. A birnin New York duk dala 2 da ka kashe da katin a kasuwar manoma ana ƙara maka takardar dala 2 ta sayen kayan lambu, har zuwa dala 10 a rana, a ƙarƙashin shirin Health Bucks. Dokar tarayya kuma ba ta yarda a cire kuɗin kaso daga katin fiye da kwana 14 kafin a karɓi kaya ba, don haka sai gonar da ta yarda da biyan kaɗan-kaɗan. Akwai su, akwai ma masu rage farashi ga mai ƙaramin ƙarfi, mai hali ya biya sama da kima don a cike. Sai an tambaya, domin ba kowace gona ke rubuta wannan a fili ba.

Sai maganar asara, wadda ita ce ƙashin bayan tsarin. Takardar da za ka sa wa hannu tana faɗa ƙarara cewa kai da manomi kun yi tarayya a albarka da hasara. Wannan ba maganar baka ba ce. A 2009 wata cutar tumatir da dankali ta bazu a arewa maso gabas cikin damina mai sanyi da yawan ruwa, gonaki da yawa suka tumɓuke tumatirinsu gaba ɗaya, mambobi suka ƙare shekara ba su ga na kirki ba. A ƙarshen Agustan 2011 guguwar Irene ta shanye gonaki a Vermont da kwarin Schoharie da yankin baƙar ƙasa na gundumar Orange a jihar New York, inda ake noman albasa, wasu suka rufe rabo da sauran makonni. A Yulin 2023 ambaliya ta sake cinye gonakin Intervale a Burlington da na bakin kogin Connecticut. Amfanin da ruwan ambaliya ya taɓa ba a sayar da shi. Mai zuwa kasuwa a irin wannan shekara farashi kawai zai ga ya tashi, ya koma wani tebur ko ya shiga shago. Mai kaso kuwa kuɗinsa ya tafi tare da ruwan. Ina girmama wannan tsari saboda wannan dalili daidai, domin shi ne ke hana manomi ɗaya ɗaukar masifar shekara shi kaɗai, kuma gonaki da dama sun sake tashi ne don mambobinsu ba su nemi a mayar musu da kuɗi ba. Amma wanda dala 600 za ta girgiza masa gida bai kamata ya ɗauki wannan nauyi ba, kuma ba abin kunya ba ne.

Musulmi zai yi wata tambaya a nan, kuma tana bisa hanya. Biyan kuɗin amfanin gona kafin girbi sananne ne a fiƙihu. Hadisin Ibn Abbas da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya shardanta sanannen awo da sanannen nauyi da sanannen lokaci, malamai kuma sun ƙara da cewa kada a ɗaure cinikin ga amfanin wata ƙaramar gona guda. Kason CSA na asali bai faɗi awo ba, kuma ga gona guda aka ɗaure shi. Waɗanda suka kafa tsarin sun ɗauke shi a matsayin tarayya cikin ɗawainiyar gona, har ma a Temple-Wilton kasafin shekara ake shimfiɗawa a gaban mambobi kowa ya faɗi abin da zai iya. Yarjejeniyoyin sun sha bamban daga gona zuwa gona, don haka wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya ɗauki takardar gonar da yake so ya kai wa malaminsa kafin ya biya.

Akwai abubuwa biyu na rayuwarmu a nan da nake ganin sun fi farashi yanke hukunci. Na farko lokacin karɓa. Rana ɗaya ce a mako, awa biyu ko uku, a wuri guda. In ba ka zo ba, yawanci a ba da kasonka sadaka ga masu rabon abinci. A birnin New York kuma mambobi ne ke gudanar da wurin rabon, ana sa ran kowa ya ba da 'yan awoyi na aikin sa kai a shekara. Direban tasi ko mai aikin jinya a gidaje, wanda jadawalinsa ke sauyawa duk mako, zai sha wuya. Na biyu tafiya gida. Makarantun New York suna rufewa a ƙarshen Yuni su buɗe a farkon Satumba, lokacin da iyalai ke kwasar yara zuwa Kano ko Yamai ko Kumasi. Wanda zai yi wannan tafiya zai ci makonnin latas, ya bar makonnin tumatir da tattasai, wato ya biya kuɗin shekara ya tsallake tsakiyarta mai maiƙo. Irin wannan gida kada ma ya fara, sai in akwai ɗan uwa da zai riƙa karɓa yana daskarar musu.

Tsakanin hanyoyin biyu akwai matsakaita. Gonaki da yawa suna sayar da rabin kaso, ko dai ƙaramin kwali duk mako ko cikakke duk mako biyu. Wasu suna shimfiɗa kaya a tebur su ce ɗauki abu bakwai ko takwas da kake so. Wasu kuma kati suke bayarwa: ka zuba kuɗi a Maris, ka riƙa cirewa a teburinsu na kasuwa duk lokacin da ka ga dama, a farashin da ke rubuce. Wannan na ƙarshe shi ya fi dacewa da tukunyarmu, domin manomi ya samu jarinsa da wuri, ke kuma uwargida kina iya sayen ganye kaɗan a Yuni ki adana ƙarfin katin sai tumatir ya sauka.

Ya kuma dace a nemi gonakin baƙin haure. A garin Lancaster na Massachusetts akwai Flats Mentor Farm, inda manoma 'yan asalin Afirka da 'yan ƙabilar Hmong ta kudu maso gabashin Asiya ke noma, kuma ƙungiyar World Farmers tana haɗa kayansu ta sayar a matsayin kaso. A Bronx akwai lambun New Roots da ƙungiyar agaji ta IRC ta kafa don 'yan gudun hijira. A hannun irin waɗannan manoma ake samun alayyafo na gaske, wanda mutanen Jamaika ke kira kalalu, da lalo, da yalo, da ganyen kabewa da na dankali, wani lokaci har da yakuwa. Su ma dai zafi suke jira, Yuli ne farkonsu.

Shawarata ga gida mai mutum shida ko bakwai da ake tuwo da miya kullum, kuɗi kuma a ƙirge yake, ita ce a tsaya a kasuwa. A sayi ganye gwargwadon buƙata a Yuni da Yuli, sannan daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba a nemi manomi a yi cinikin tumatir na miya kwali-kwali. Kwalin fam 25 ne, kusan kilo 11, kuma masu ɗan tabo da ba sa shiga tebur ana karyar da su sosai. A haɗa da tattasai da attaruhu, a niƙa, a tafasa, a cika firiza. Gidan da albashi ke shigowa a kan kari, ba a tafiya hutun bazara, yara kuma sun saba da salak a makaranta, su ɗauki rabin kaso a shekarar farko, ko su raba cikakke da maƙwabta. In akwai gona kusa da ke barin mambobi su shiga su tsinki wake da sitiroberi da kansu, a kai yara. Yaron da aka haifa a bene na goma sha yana da haƙƙin ya ga yadda karas ke fitowa daga ƙasa.

Kafin a biya, a kira manomin ko a aika masa saƙo. A tambaye shi jerin abin da ya raba mako-mako a bara, manomin kirki yana da shi a rubuce. A tambayi makon da tumatir ya fara shiga kwali, da ko yana shuka attaruhu da kuɓewa, da ko duk kayan daga gonarsa suke ko yana sayowa daga wasu. A tambayi ko gonar tana bakin kogi da abin da ya yi wa mambobi a shekarar ambaliya, da ko ana iya ɗage mako biyu in tafiya ta kama. In mutum biyar ko shida daga masallaci ɗaya suka je masa tare a watan Janairu, kafin ya gama odar iri, suka ce suna son alayyafo da yalo da attaruhu, da wuya ya ƙi ware musu kunya biyu ko uku. Bayan Maris kuwa tsarin shukarsa ya riga ya kammala, sai dai a jira wata shekara.